Ƙofa Mai Fiffike Da Abin Da Ke Riƙe Ta A Sama

Ga al'ada ƙofar mota gefe ta ke buɗewa, kamar ƙyauren ɗaki. Nauyinta duka yana rataye ne a jikin hinji, mai buɗewa ba ya ɗaukar kome, turawa kurum ya ke yi. Amma akwai wata irin ƙofa wadda sama ta ke tashi, hinjinta yana can bisa rufin mota, in an buɗe guda biyu dama da hagu sai ka ga motar ta yi kamar tsuntsun da ya ware fukafukai zai tashi. Turawa da wani tsuntsun bakin teku su ke kwatanta ta, mu dai bari mu kira ta ƙofa mai fiffike. Motocin da aka yi wa irin wannan ƙofa a gefe kaɗan ne a duniya, wasunsu sun tsufa, suna hannun attajirai masu son tara kayan dā, ba kuwa don irin hanyoyinmu aka ƙera su ba. To, mene ne ruwan akawu ko malamin makaranta na Funtuwa ko Malumfashi da su? Ruwansa shi ne, ƙofar bayan Hayis ɗin da ya ke shiga zuwa Bakori ko Ƙafur, da ta Golf da Sharan, fiffike ce ita ma, ɗaya ce dai ba biyu ba. Abin da ke riƙe waccan a sama shi ke riƙe wannan, ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Ita kuwa tamu a ƙarƙashinta a ke sunkuyar da kai kullum a jera buhunan masara.

Ƙasar nan tamu ƙasar ɗaukar kaya ce tun dā. Auduga ce ta sa kamfanin B.C.G.A. na Ingila ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, ita ce kuma babban dalilin da ya sa aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau har ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Sa'ad da aka buɗe aikin bunƙasa noma na Funtuwa cikin 1975 da taimakon Bankin Duniya, sai taki da sabon irin masara suka shigo da ƙarfi, hanyoyin ƙauye suka ƙaru, motoci ƙanana suka shiga jigilar da dā jakuna da raƙuma da manyan motoci masu bodin katako ke yi. Ga hatsin Ɗandume, ga tumatir ɗin Danja, ga waken suya da dawa daga ko wane lungu. Motar da aka ƙera a Jamus don mutum biyar da akwatunansu, a nan ita ce ke ɗaukar mutane da buhuna, a bar ƙofar baya a buɗe, a ɗaure ta da igiya bisa kaya, ta yi ta rawa har a isa. Ba abin mamaki ba ne in bayan 'yan watanni aka ga karen mota ya tokare ta da guntun icce.

Asalin Abin

Ba don ƙawa aka fara yin ƙofa mai fiffike ba, dole ce ta sa. Cikin 1952 kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya ƙera motar tsere wadda aka sa wa suna 300 SL. Babban injiniyansu, Rudolf Uhlenhaut, yana son mota marar nauyi amma mai ƙarfi, sai ya haɗa mata shasi da siraran bututun ƙarfe masu yawa, aka saƙa su kamar tankar ɗaki. Saƙar nan ta taso sosai a gefe biyu na motar, daidai wurin da ya kamata ƙofa ta sauka. In aka yanke bututun don a ba ƙofa hanya, ƙarfin shasi ya tafi. Sai aka bar su, aka mai da hinji bisa rufi. A shekarar nan motar ta zo ta ɗaya da ta biyu a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, ta kuma ci babban tseren ƙasar Mekziko, ko da ya ke a hanya wata ungulu ta faɗa wa gilashin gaba ta fasa shi, ta ji wa abokin direba rauni a fuska.

Wani dillalin motoci na Amurka, Max Hoffman, shi ya matsa wa kamfanin su yi irinta ta sayarwa. Aka nuna ta a Niyok cikin watan Fabrairu 1954, daga nan zuwa 1957 aka ƙera guda 1,400. Shiga cikinta sai da dabara, gama dokin ƙofar yana da tsawo da faɗi, sai mutum ya fara zama a kansa sa'an nan ya jawo ƙafafunsa ciki, har sai da aka yi wa sitiyarin gaɓa don a iya karya shi ƙasa gwiwa ta wuce. Ƙofofin na alminiyan ne, ba su da nauyi ainun, abin da ke ɗaga su kuwa sifirin ne mai murɗe-murɗe a cikin bututu. Wata 'yar'uwarta ta 1955, wadda guda biyu tak aka yi, an sayar da ɗaya cikin 2022 a kan Yuro miliyan 135. Mun faɗi wannan ne don mai karatu ya san dalilin da ya sa masu irin motocin nan ba su barin kowa ya kusance su da sifana.

Bayan wannan wasu sun gwada. A Kanada an yi wata mai suna Bricklin cikin 1974 da 1975, ba su kai 3,000 ba. Ko wace ƙofarta tana da nauyin kilo 40 ko kusa da haka, aka sa mata famfo mai aiki da lantarki yana tura mai don ya ɗaga ta. In batir ya mutu sai mai mota ya sa kafaɗa. Dabarar ba ta yi albarka ba, kamfanin ma bai daɗe ba.

Wadda ta fi dacewa da maganarmu ita ce DeLorean, wadda aka ƙera a Dunmurry kusa da Belfas, a Ailan ta Arewa, cikin 1981 da 1982, kimanin guda 9,000, kafin kamfanin ya karye. Jikinta na ƙarfe ne marar tsatsa, ba fenti. Injinta kuwa ba baƙo ba ne ƙwarai gare mu, domin haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo ne, watau dangin Fijo ɗin da aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin 1975. Ko wace ƙofarta abu biyu ke ɗauke da ita: wata doguwar sandar ƙarfe da ke kwance cikin rufi, wadda za mu kira sandar murɗiya, da kuma matokari mai iska. Yadda biyun nan suka raba aiki tsakaninsu shi ne zuciyar maganar.

Lissafin Jigo

Duk wanda ya taɓa ganin jigo a lambu ya riga ya san rabin abin. Mai ban ruwa ba ya ɗaukar nauyin guga shi kaɗai, curin laka da ke ɗaure a gindin iccen shi ke taya shi. Ya kuma san ba nauyin curin kaɗai ke aiki ba, har da nisansa daga inda iccen ya rataya. In aka matso da shi kusa, sai an ƙara masa laka. Ƙa'idar ke nan: nauyi sau nisa.

Malamai, ga lissafin da za ku iya ba 'yan aji shida. A ce ƙofa tana da kilo 40, a ce kuma tsakiyar nauyinta tana nesa da hinji da santimita 50 in an auna a kwance. Arba'in sau hamsin, 2,000 ke nan. Matokarin da zai riƙe ta ba shi da sarari, a ce nisan da ya ke turawa daga hinji santimita 10 ne kurum. Raba 2,000 gida 10, ka sami 200. Watau ɗan bututun nan da bai fi kamu ɗaya da rabi ba, sai ya yi turin kilo 200 kafin ya riƙe ƙofa mai kilo 40. Wannan turi kuma ba ya tafiya banza, a kan 'yan ƙusoshin da ke riƙe da shi da kuma hinji ya ke sauka. Shi ya sa in ka duba tsofaffin motocin haya za ka ga wurin da matokari ya kama ya tsage, an yi masa walda sau biyu ko uku.

Akwai sauran magana. Sa'ad da ƙofa ta ke rufe, matokari yana kwance ne kusan a layi ɗaya da hinji, nisan nan na santimita 10 ya koma kusan babu, sabo da haka ba shi da ikon fara ɗagawa kome ƙarfinsa. Sai ƙofa ta ɗan tashi sa'an nan ya ke samun wurin turawa. A ƙofar bayan Hayis hannun mutum ne ke yin wannan aiki na farko. A DeLorean kuwa sandar murɗiya ce ke yi.

Sandar Murɗiya

Ɗauki ɗanyen reshe, ka sa yaro ya riƙe kai ɗaya da ƙarfi, kai kuma ka murɗa ɗaya kan, ka saki. Zai komo yadda ya ke. Ƙarfe mai kyau haka ya ke yi, in dai ba a wuce da shi iyaka ba. Wani masanin Ingila, Robat Huk, ya bayyana cikin 1678 cewa gwargwadon yadda ka tanƙwara sifirin gwargwadon yadda zai mayar maka da ƙarfi: murɗi biyu, ƙarfi biyu. Sandar murɗiya sifirin ce miƙaƙƙiya, kai ɗaya a kafe a jikin mota, ɗaya kan yana juyawa tare da ƙofa. In an rufe ƙofa sanda ta murɗe iyakar murɗewa, tana neman hanyar warwarewa. Da an ja mabuɗi sai ta cilla ƙofar sama. Tana warwarewa ƙarfinta yana raguwa, daidai lokacin kuwa matokari ya sami wurin turawa, sai ya karɓa ya ƙarasa, ya riƙe ƙofar a can. Ɗaya na farko, ɗaya na ƙarshe.

Sandunan DeLorean kamfanin jiragen sama na Grumman a Amurka ya yi su, aka murɗa su tun a masana'anta cikin sanyi mai tsanani ƙwarai don su riƙe ƙarfinsu. Murɗin nan gefe ɗaya ya ke, don haka ta dama dabam, ta hagu dabam, in aka musanya su ba su daɗewa.

Ga wani abu wanda ya kamata ko wane bakanike ya sani. Taurin sandar nan ba bisa kaurinta kai tsaye ya ke tafiya ba, sai an riɓa kaurin da kansa har sau huɗu. In ka ninka kauri biyu, tauri ya ninka 16, watau biyu sau biyu sau biyu sau biyu. In kuwa tsatsa ta ci kashi ɗaya cikin goma na kaurin, kada ka ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfi ya tafi. Yi lissafi ka gani: abin da ya rage bai fi kashi 66 cikin ɗari ba, sulusi guda ya tafi. Har ila yau, wahalar murɗi a fatar sandar ta fi taruwa, ba a tsakiyarta ba. Ƙarcen da zarto ko filaya ya yi mata, ko ɗigon wutar walda guda, nan tsaga za ta soma, ta yi ta ci a ɓoye har ran da sandar za ta ɓalle da ƙara kamar an harba bindiga. Shi ya sa masu DeLorean ke lura ƙwarai kada sandar ta goga da hinji, mu ma bai kamata a bar yaron gareji ya kama irinta da filaya ba.

Kada a zaci sandar murɗiya baƙuwa ce a ƙasar nan. Morris Minor ta 1948, wadda manyan ma'aikatan En'e suka hau a zamaninsu, da ita ƙafafunta na gaba ke aiki. Volkswagen mai ƙusumbi, wadda aka soma harhaɗawa a Ikko cikin 1975, gaba da baya duk sandunan murɗiya ne. Haka gaban Hayis, da gaban wasu tsofaffin Hilux na kafin 2005, da bayan Fijo 206 da 306 da 405. In kuma ka leƙa cikin but na ƙananan motoci da dama, ƙarƙashin gilashin baya, za ka ga siraran sanduna biyu sun gitta juna. Su ke ɗaga murfin but, kuma a wasu motocin akwai 'yan ramuka biyu ko uku da a ke matsar da ƙugiyarsu a ƙara ƙarfi ko a rage.

Dabarar da Jamusawa suka yi wa sandar bayan Volkswagen ta isa a tsaya a kanta. Kan sandar na ciki yana da haƙora 40, na waje 44. Da'ira digiri 360 ce. Raba gida 40, haƙori ɗaya digiri 9. Raba gida 44, haƙori ɗaya digiri 8 da kusan kashi biyu cikin goma. In bakanike ya matsa haƙori ɗaya gaba a ciki, ya mayar da ɗaya baya a waje, abin da ya canza bai kai digiri ɗaya ba. Da haƙora manya aka sami gyara mai laushi. Yaron da ya gane wannan ya gane amfanin raba lamba fiye da wanda ya haddace jadawali.

Matokari Mai Iska

Makanikai su kan ce masa shokazobar but, ko da ya ke aikinsa dabam ne da na shokazobar ƙafa. Kamfanin Stabilus na garin Koblenz a Jamus ya soma yinsa da yawa cikin 1962. Bututu ne rufaffe, an danna iskar naitirojin a ciki, da ɗan mai kaɗan, ga wani siririn ƙarfe mai sheƙi yana shiga yana fita ta bakin roba. Iskar ce ke turo ƙarfen waje. A jikin bututun a kan buga lamba da harafin N a gabanta, wannan shi ne ƙarfin turinsa. Raba lambar gida goma ka sami kimanin kilo: 500N turin kilo 50 ke nan.

Matsin da ke ciki ba na wasa ba ne. Ƙarfe mai kaurin milimita 8, kafin ya yi turin kilo 50, sai matsin iskar ya kai kimanin ninki arba'in na wadda mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota. Don haka ba a huda shi, ba a yanka shi, ba a kai shi kusa da wutar walda, ba a jefa shi cikin bola inda za a cinna wuta. Mu kan ga yara suna wasa da tsofaffinsa a bayan gareji, ko masu tara ƙarfe suna buga shi da guduma don ya shiga buhu. Lalle a hana.

Iska kuma tana jin zafi da sanyi. In ta yi zafi matsinta ya ƙaru, in ta yi sanyi ya ragu, kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari ga ko wane digiri goma. A ce da asubar hunturu a Malumfashi ma'auni ya nuna 12, a ce kuma da azahar ta bazara ya nuna 40. Tsakanin nan ƙarfin matokari zai bambanta da kusan kashi ɗaya cikin goma. Sabon matokari ba zai damu ba, yana da rara. Wanda ya riga ya gaji kuwa, shi ne za ka ga ya riƙe ƙofa lafiya lau cikin watan Afrilu, amma ran wata safiya cikin Janairu ya sake ta bisa ƙeyar mai lodi. Direba ya ce jiya ma ƙalau ta ke. Gaskiya ya faɗi, ruwa dai ba ya tsami banza. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke manne wa ƙarfen nan mai sheƙi ta shiga ta ci robar bakin, iska ta riƙa sulalewa a hankali. In aka shafa masa giris, ƙurar ce za ta ƙara samun wurin zama. Tsumma busasshe mai tsabta ya isa. Fenti ma kada ya taɓa shi. In za a ɗaura shi, sai a duba yadda na asali ya ke, ga yawancin motoci ƙarfen yana kallon ƙasa sa'ad da ƙofa ta ke rufe, don man da ke ciki ya kwanta bisa robar ya hana ta bushewa.

Wanne Za A Fara Taɓawa?

Nan ne a ke yin gyaran gangar Abzinawa. Mai DeLorean ya ga ƙofarsa ba ta kaiwa ƙarshe, tana sunkuyowa tana bugun goshi, sai ya ce a ƙara wa sanda murɗi. An ƙara, ƙofa ta tashi, ya yi murna. Amma ba sandar ce ta gaji ba, matokari ne. Sanda mai kyau ta kan yi shekaru masu yawa ba ta sake hali ba, matokari kuwa 'yan shekaru ne iskarsa ta ragu. Yanzu ga sanda an ɗora mata aikin da ba nata ba, tana jan rufin motar dare da rana har ta soma tanƙwara shi. Ran da aka sa sabon matokari kuma sai ƙofa ta riƙa tashi da gudu tana dukan iyakarta, rufewa sai da ƙarfin tsiya. Ƙa'idar da masu motar suka tsaya a kai ita ce: a fara sa sababbin matokarai, a gwada a rana mai matsakaicin zafi, sa'an nan a duba ko sanda tana bukatar kome. Yadda a ke gane mai laifi kuwa ba wuya. Ƙofar da ke da nauyi tun farkon ɗagawa, a tuhumi sanda. Wadda ke tashi da sauƙi amma ta kāsa ƙarasawa, a tuhumi matokari.

In ta tabbata sandar ce, aikin ba na mutum ɗaya ba ne. A kan buɗe ƙofa iyakarta a tokare ta da katako, domin a nan ne murɗin ya fi sauƙi. A cire abin da ya rufe bayan rufin, a kāre gilashin baya da katako. Kan sandar na baya yana da haƙora, yana zaune cikin wani faifan ƙarfe da aka ɗaure da ƙusoshi biyu. Mutum ɗaya zai sa makulli mai dogon hannu a kan sandar ya karɓi nauyin murɗin, ya riƙe, kada ya motsa. Na biyu ya kwance ƙusoshi, ya zare faifan daga haƙora, a juya sandar gwargwadon haƙori ɗaya tak, a mayar da faifan, a ɗaure tam, sa'an nan na farko ya sassauta a hankali. In hannunsa ya suɓuce a tsakiyar aikin, dogon ƙarfen nan zai dawo da ƙarfin da ya isa ya farfasa gilashi ko ya karya muƙamuƙi. Haƙori ɗaya, a gwada. Ba a yin biyu don sauri.

To, mu komo gida. Irin wannan kuskure shi a ke yi wa gaban Hayis da Hilux. Direba ya ga motarsa ta duƙa, sai ya ce a ɗaure nocin da ke gindin sandar murɗiya don ta tashi. Za ta tashi kuwa. Amma ɗaure nocin nan ba ya ƙara wa sanda tauri, tauri yana ga kaurinta da tsawonta, kamar yadda muka nuna. Tsawon mota daga ƙasa kurum ya ke canzawa. Motar da aka ɗaga fiye da ƙa'ida ta rasa sararin da ƙafa ke sauka in ta faɗa rami, sai ta riƙa dukan robar iyaka, tayoyi su karkace su ci gefe ɗaya, gaɓoɓin ƙafa su mutu da wuri. Ba ta kuwa ƙara iya ɗaukar buhu ko ɗaya ba. Sau da yawa ma abin da ya duƙar da ita robobin ƙafa ne da suka cinye, ko sifirin baya da kaya ya kwantar.

In an bincika an ga lalle sai an taɓa sandar, a tsai da mota a daɓe madaidaici, ba kaya, iskar tayoyi daidai. A auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin jikin mota, dama da hagu, a rubuta. A sa jak a ɗaga gaba don nauyi ya sauka daga kan nocin, a wanke zarensa a sa masa mai. A yi alama da alli, a ƙidaya zagaye, abin da aka yi wa dama a yi wa hagu, sai fa in tun farko gefe ɗaya ya fi duƙawa. A sauke, a ɗan zaga da ita, a sāke aunawa a wurin nan na farko. Daga nan sai wajen masu daidaita ƙafa, domin duk wanda ya canza tsawon mota ya canza zaman tayoyinta. In an cire sandunan gaba ɗaya, a duba harafin da aka buga a kansu, L ta hagu, R ta dama.

Game da ƙofar baya, shawararmu ita ce a sauya matokarai biyun tare. Sabo ɗaya da tsoho ɗaya su kan murɗe ƙofa, ta daina zama daidai, ƙura da ruwa su sami hanya. A duba lambar N da tsawon na asali, a nemi daidai da su. Wanda ya fi ƙarfi ba alheri ba ne, ku tuna da lissafin jigo, turin da ya ƙaru a kan hinji da 'yan ƙusoshi zai sauka. Na gwanjo da a ke kawowa daga Kwatano ya riga ya yi rabin rayuwarsa a wata ƙasa, ba kuwa a iya gane saura nawa da ido. Ko dannawa da hannu ba shaida ba ce, gama wanda ya rasa sulusin iskarsa ma ya fi ƙarfin hannun mutum. A ɗaura shi a gwada da sassafe kafin a biya.

Sa'ad da a ke sauyawa, wani ya riƙe ƙofar da hannu biyu, ko a tokare ta sosai, domin da an ɓalle ɗaya, ɗayan ba zai iya shi kaɗai ba. Ƙaramin zoben ƙarfe ne ke riƙe da kansa, da bakin sukundireba a ke ɗaga shi, ba a fizga. Wanda kuwa bai sami halin saye ba tukuna, sai icce, to ya nemi mai kauri wanda ba ya tanƙwara, ya yanke shi daidai tsawo, ya kafa gindinsa a cikin lungun jikin mota inda ba zai zame ba, ba bisa buhu ko bamba ba, ya kuma ajiye shi ta gefen da masu lodi ba su bi.